Yadda Salmin Ya Raka Ƙudan Zuma Gidan Ƙanensa

Godiya ta tabbata ga Allah da ya ɓoye zaɓaɓɓun bayinsa a cikin jama'a, tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, Shehunmu, majinginarmu, masanin Allah, kogin fiƙihu da hadisi, ma'abocin tsentseni da gudun duniya, Allah ya tsarkake sirrinsa, ya zauna a wannan kwari namu na Hadaramaut yana karantar da manya da yara a zauren masallaci har gemunsa ya yi fari fat, kuma a duk zamana da shi ban taɓa jin ya ɗaga murya a kan mutum ko dabba ba. Abincinsa dabino ne da gahawa mai citta, maganarsa kaɗan ce, kuma idan ya yi shiru a majalisi babu mai iya ko gyaran murya. Ni Faraj, ni ne nake zuba masa ruwan alwala ina shimfiɗa masa buzu. Abin da zan faɗa da idona na gani, wanda kuma ya ce na yi ƙari, to Allah ya haɗa mu ranar hisabi.

Akwai wani dattijo mai kiwon zuma a garinmu, sunansa Yislam, ya rasu ya bar 'ya'ya maza biyu da amyoyinsa na yumɓu, dogaye kamar bututu, a jere cikin ramukan bangon gidansa ta fuskar gabas. Babban ɗan, Salmin, shi ya tsaya wa uban tun yana saurayi, kuma zumar magaryarsa ta yi sunan da fatake daga bakin teku sukan saya ba su ko ɗanɗana ba, domin a wurinmu zuma a kan sunan mai ita ake sayenta, idan sunan ya ɓaci ko ta fi ta kowa kyau babu mai taya ta. Ƙaramin kuwa, Mahfuz, tun yana ɗan matashi ya bi jirgin ruwa zuwa tsibirin Jawa, ya yi zaman kanti a can, sai bayan rasuwar uban ya dawo da agogon aljihu da ƙiba, ya gina farin gida a hayin busasshen rafin da ya ratsa unguwa. Gidajen biyu sun yi kusan da idan aka yi tari a wannan sai an ji a wancan.

An raba gado lafiya, rabin amyoyin na Salmin, rabi na Mahfuz. Rigima ta fara ne ranar da Mahfuz ya ce zai kwashe nasa daga tsohon bango ya jera su a farfajiyar sabon gidansa kafin magarya ta yi fure.

Salmin ya ce masa, “Mahfuz, kar ka yi haka. Gidanka ya yi kusa da yawa. Ƙuda ya san bangon nan, in ya fita kiwo nan zai dawo. Bari in ɗora su a raƙumi tare da nawa in kai su can ƙarshen kwari su manta hanya, in fure ya wuce in sauke maka su a ƙofarka.”

Mahfuz ya dube shi sheƙeƙe ya ce, “Ka kai su inda idona ba ya gani? Su tafi da ƙarfinsu su dawo mini a rame? Yaya, na zauna a kanti shekara da shekaru, irin wannan taimakon na ga kala-kalansa.”

A wurin akwai Ubaid, dillalin zuma, mutumin da ban taɓa yarda da shi ba tun da na san shi, kuma har ya mutu ban ga dalilin sake ra'ayi ba. Yana kurɓar gahawa yana kallon ƙasa, sai ya ce a hankali, “Ni dai ban ce komai ba. Amma fa amya a bayan raƙumi duk kamarsu ɗaya.” Salmin ya daɗe yana sayar wa fatake kai tsaye ba ya bi ta hannun Ubaid, kowa ya san wannan, amma Mahfuz baƙo ne a garinsu, bai sani ba.

Washegari bayan sallar asuba Mahfuz ya sa aka toshe bakin amyoyinsa da tsumma, aka ɗauke su a ka aka tsallake rafi, aka jera a inuwar katangarsa aka buɗe. Da hantsi ya ɗaga ƙudajen suka fita kiwo, da suka ɗebo kuwa babu wanda ya nufi farin gida. Tsohon bango suka dawo, suka tarar da ramukansu wayam, suka yi ta kewaya suna kuka har suka gaji, sannan suka riƙa kutsawa cikin amyoyin Salmin da ke gefe. Kullum haka. Kafin a ankara amyoyin Mahfuz sun yi shiru, in ka kara kunne sai ɗan motsi, na Salmin kuwa sun cika har ƙuda na kwana a waje a dunƙule.

Sai Mahfuz ya yi wata dabara, kuma ko ba a faɗa mini ba na san wanda ya koya masa. Ya tara shaidu da safe, ya barbaɗa garin dawa a kan 'yan ƙudajen da suka rage masa suna fita, aka tsallaka aka tsaya gaban bangon Salmin. Ba a jima ba sai ga fararen ƙudaje suna sauka suna shiga amyoyin yayansa ɗaya bayan ɗaya, jama'a na kallo.

Mahfuz ya ɗaga murya, “Kun gani ko? Kun gani da idonku? Me ka shafa wa bangon nan, Salmin? Me ka binne a gindinsa?”

Abin da ya fi ƙona mini rai har yau shi ne, a cikin masu kallon nan akwai masu amya da yawa, kuma ko wanda ya fi kowa daƙiƙanci a cikinsu ya san ƙuda yana komawa tsohon mazauninsa. Amma wallahi babu wanda ya buɗe baki. Wani ma cewa ya yi, “E to, suna komawa kam, amma har haka?” Wani ya ce dama ya daɗe yana mamakin yadda zumar Salmin take fin ta kowa alhali magarya ɗaya ake kiwo. Daga nan magana ta kama gari. Aka ce an ga Salmin yana turara wani abu, aka ce akwai wani boka a tsauni da yake zuwa wurinsa, aka ce ai ko amyar wane da ta mutu bara a bincika. Mutanen da suka sha zumarsa kyauta lokacin da 'ya'yansu ke tari su ne suka fi kowa baki.

Salmin ya aika wa ƙanensa cewa ya zo ya zaɓi cikakkun amyoyi daga nasa ya ɗauka a madadin waɗanda suka lalace. Mahfuz ya mayar da ɗan aike da cewa, “Wa ke ba da dukiyarsa haka kawai in ba ya san abin da ya aikata ba?” Dattawa suka ce to Salmin ya yi rantsuwa cewa babu haƙƙin ɗan'uwansa a bangonsa. Ya ce, “Wannan ba zan iya ba, don ƙudansa suna ciki, ni ma na gani. Abin da zan rantse a kai shi ne ban kira su ba.” Aka watse ana cewa ya ƙi rantsuwa. A makon nan fatake suka iso daga bakin teku, suka wuce ƙofarsa ko sallama babu, ranar Juma'a kuma na ga mutumin da ke gefensa a sahu ya ɗan ja jiki. Salmin ya rame, ya daina zama a majalisi, sunan da ya gada daga ubansa yana neman ƙarewa a hannunsa.

Shehu, Allah ya ƙara masa yarda, yana jin duk wannan bai ce uffan ba, har ni da kaina na ƙosa na ce masa, “Ya Sidi, za su kashe bawan Allahn nan da baki.” Ya dube ni ya ce, “Kira mini su biyun bayan la'asar.”

Suka zo, jama'a suka biyo su har zaure ya cika. Mahfuz ya sumbaci hannun Shehu kamar yadda aka saba, amma ya zauna nesa, yana ta kallon wanda ya zauna kusa da wa.

Shehu ya ce, “Mahfuz, me zai kwantar maka da rai?”

Mahfuz ya faɗi maganar da ta sa zaure ya ɗauki salati. Ya ce gobe da tsakar rana a buɗe amyoyin tsohon bango duka ba hayaƙi, Salmin ya tsaya a gabansu ba riga. In yana da gaskiya Allah ya san yadda zai yi da shi. Duk wanda ya taɓa kiwon zuma ya san ma'anar wannan, ƙudaje sun cakuɗe, sun cunkushe, ga zafi, ko jaki ne ya ratsa ta wurin a kwanakin nan sai ya sha harbi. Na ga raƙumin da zuma ta kashe, ba labari aka ba ni ba. Na miƙe zan yi magana, Shehu ya ɗaga yatsa, na koma na zauna ina huci.

Salmin ya ce, “Na yarda, ya Sidi. Yadda nake yanzu ma ba rayuwa ba ce.”

Ka ce Mahfuz ya gamsu? Ina! Ya ce ai akwai ganyen da ake shafawa, don haka sai Salmin ya yi wanka a kwarmin ruwa na masallaci a gaban shaidu, kuma da sabulun da shi Mahfuz zai kawo. Ya ce zanen da zai ɗaura ma daga gidansa za a ɗauko, kar a ɗinke wani abu a cikin lafi. Ya ce a tsefe gemunsa a duba. Sannan, don rashin ta ido, ya sunkuyar da kai ya ce, “Kuma ya Sidi, a yi mini afuwa, Salmin ɗalibinka ne tun yana yaro, ni kuwa ba ka san ni ba. Kar ka taɓa shi, kar ka tofa masa komai.” Subhanallahi! A gaban Shehu fa, a zaurensa! Shehu kuwa murmushi kawai ya yi ya ce, “Ba zan taɓa shi ba. Kai dai ka zo da wuri.”

Ni ina cikin shaidun wankan. Mahfuz ya tsaya a kanmu yana leƙen bayan kunne da tsakanin yatsu, har sansana gashin kan yayansa ya yi. Muka fito da Salmin daga shi sai zane, muka nufi tsohon bango rana na tsakiya. Gari duka ya fito, maza can nesa a bakin rafi, mata a kan soraye. Ubaid ya zo ya naɗe fuska da mayafi sai ido, na ce masa, “Kai da ba ka ce komai ba, me kake tsoro?” Shehu ya sa na shimfiɗa masa buzu a gindin bangon, ya zauna da carbinsa, ni kuma na tsuguna a bayansa, gaskiya ba don jarumtaka ba, don dai ban san wurin da ya fi bayansa aminci ba.

Aka sa dogon ƙarfe aka fasa murafun amyoyin, masu buɗewa suka zubar da ƙarfe suka ranta a na kare. Ƙarar da ta tashi ban taɓa jin irinta ba, ƙudaje suka yi ta tuɗaɗowa har suka rufe mana rana, mata suka kama kururuwa, masu kallo suka yi ta ture juna. Salmin ya rufe ido yana kalmar shahada. Shehu bai ko ɗaga kai ba, leɓɓansa na motsi, sannan na ji ya ce a hankali, kamar mai magana da yaran da suka yi ɓatan kai, “Ku yi a hankali, bayin Allah. Masu gida su koma ciki. Baƙi su tsaya.”

Allah shi ne shaida, ƙarar nan ta sauka kamar an sauke tukunya daga wuta. Ƙudajen suka rabu biyu a sama muna kallo, kashi ɗaya ya juya ya koma cikin amyoyin a natse, ɗaya kashin kuma ya fara sauka a kan Salmin. Suka rufe kafaɗunsa, suka rufe ƙirjinsa da hannayensa, suka hau gemu suka hau goshi har fatar idonsa, ya zama ba ka ganin komai nasa sai ƙafafu, sai 'yar kafar hanci da suka bari yana numfashi. Bai yi ƙara ba, bai faɗi ba.

Shehu ya ce, “Salmin, baƙinka sun daɗe. Raka su gida.”

Salmin ya ɗaga ƙafa ya yi tuntuɓe da dutse, don ba ya gani, ga gangaren rafi a gabansa duk tsakuwa. Da ya faɗi a kan ƙudajen nan da shi ke nan. Na zabura, Shehu ya riƙe gefen rigata. Ya waiwaya wajen Mahfuz, wanda ya ƙame a tsaye baki buɗe, ya ce, “Ni na yi alkawari ba zan taɓa shi ba. Ɗan'uwanka ba ya gani, kuma hanyar gidanka ce.”

Mahfuz ya dubi jama'a, ya dubi Ubaid, Ubaid ya kau da kai. Sai Mahfuz ya matso ya tsaya a gaban yayansa, ya fara tafiya da baya da baya. Ya riƙa ce masa, “Taho. Dama kaɗan. Tsaya, akwai dutse. Ɗaga ƙafa, Yaya, ɗaga sosai. Yauwa.” Haka suka gangara cikin rafi, haka suka haura, jama'a na biye daga nesa babu mai tari. Da suka kai farin gida Mahfuz ya tura ƙofa da bayansa ya buɗe ta gaba ɗaya, ya kai shi har gaban amyoyin da ke inuwar katanga. Salmin ya durƙusa ya miƙa hannayensa, ƙudajen suka riƙa gangarowa ta kan yatsunsa suna shiga, kowane ayari da amyar da ya nufa, har ya zama ko ɗaya bai rage a jikinsa ba.

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe da saura. Mutumin nan Mahfuz, zargi ya riga ya zame masa jiki. Ya ce a tsaya, sai ya duba, wataƙila an harbe shi yana daurewa ne. Wallahi da ba don Shehu ya iso ya tsaya a bakin ƙofa ba, da na faɗa masa maganar da zan yi ta istigfari a kanta. Ya kama yayansa yana juya shi a cikin rana, ya duba wuya, ya duba hammata, ya duba fatar ido, babu harbi ko guda, babu ko ja. Ya zagaya ta baya ya ɗora hannu a kafaɗunsa, sai ya tsaya. A wurin wanka shafe-shafe yake nema, bai lura ba. Kafaɗun nan biyu duk kanta ce, baƙa, mai kauri kamar fatar gwiwar raƙumi, ga wani tsohon tabo ya ratsa har tsakiyar baya.

Ya ce, “Wannan fa? Mene ne wannan?”

Salmin ya ce, “Igiyar amya ce. Inda raƙumi ba ya hawa a baya ake ɗauka.”

“Tun yaushe?”

“Tun da ka tafi. Baba ƙafarsa ta ƙi, kai kuma ba ka nan.”

Mahfuz ya daɗe hannunsa na kan kafaɗar. Sannan ya warware rawaninsa a gaban mutane, ya lulluɓe bayan yayansa da shi, ya juyo kansa a buɗe yana kuka kamar ƙaramin yaro, ya ɗaga murya yadda har matan da ke kan soraye suka ji. “Jama'a, ku shaida! Ni na yi wa Yayana ƙazafi. Bai ci mini komai ba, ni ne na ci amanarsa. Duk wanda ya ji waccan magana daga bakina, ya ji wannan ma, ya kai ta inda ya kai waccan!” Ya durƙusa zai kama ƙafar Salmin, Salmin ya ɗago shi ya ce, “Tashi, ƙanena, rana ta yi zafi. Sa a kawo mana ruwa.”

Daga ranar ƙudan Mahfuz bai sake komawa tsohon bango ba, ko guda, alhali bangon na nan a gabansu suna gani, kuma masu amya a kwarin nan sun san wannan ba al'adar ƙuda ba ce. Da muka kama hanyar masallaci ina ɗauke da buzu, na kasa haƙuri na ce, “Ya Sidi, yau mun ga abin al'ajabi.” Ya ce, “Azahar ta yi, Faraj. Je ka ɗebo ruwa.”

Wannan kaɗan ne daga abin da Allah ya gudanar a hannun Shehunmu, fitilar zamaninsa, mai gyara tsakanin zukata, wanda bai taɓa jingina wa kansa komai ba. Ya Allah, ka ƙara masa yarda, ka haskaka makwancinsa, ka ɗaukaka darajarsa a cikin salihan bayinka. Ka tsare mu daga mummunan zato ga 'yan'uwanmu, ka tsare sunayenmu daga bakin mutane, ka sanya mu da iyayenmu da zuriyarmu a cikin albarkarsa duniya da lahira. Amin, ya Ubangijin talikai.